Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Zaɓen Tarakta Don Ƙaramin Gidan Gona

Duk wanda ya je sayen tarakta, tambaya biyu ce ke fara fitowa. Dillali zai ce, "Alhaji, hekta nawa ce gonar taka?" Mai saye kuma ya nuna wata da hannu ya ce, "Waccan doki nawa ce?" Daga nan sai a shiga ciniki kamar an gama magana. Alhali faɗin gona da ƙarfin inji su ne lambobin da suka fi saurin ɓatar da mai ƙaramin gidan gona. Hekta biyar ta mangwaro da gwaiba a bayan Zariya, da hekta biyar ta shinkafa a Kadawa, da hekta biyar ta gero a jigawar Daura, a takarda duk ɗaya suke. A ƙasa kuwa, taraktar da za ta yi wa ɗaya aiki tana iya zama kayan kallo a ɗayar.

Ba da mai gandun hekta ɗari nake ba. Ina nufin ma'aikacin da ya yi ritaya, ko ɗan kasuwa, ko malamin jami'a, wanda ya mallaki fili tsakanin hekta biyu zuwa goma a wajen gari: gefe guda masara ko waken suya, gefe guda bishiyoyi, ga ɗakin kaji, wataƙila da 'yan shanu da rijiyar burtsatse. Ya gaji da jiran taraktar haya, ya tara 'yan kuɗi, yana son tasa ta kansa.

A kasuwa, abin da zai tarar ya rabu kusan gida huɗu. Akwai mai ƙafa biyu wadda mutum ke riƙewa yana bin ta a baya, yawanci doki 8 zuwa 15, irin da ake gani a fadamun shinkafa na Kura da na Kebbi. Akwai 'yar mitsitsiya mai ƙafa huɗu wadda ba ta kai doki 25 ba, irin su Kubota BX da John Deere 1025R. Sama da ita akwai matsakaiciya, daga doki 25 zuwa wajen 50, inda ake samun Kubota L, da Mahindra 475 da 575, da tsohuwar Massey Ferguson 135 da ƙanwarta 240. Sai kuma wadda idan an ce tarakta a Arewa ita ce ke faɗo wa kowa a rai, wato jar Massey Ferguson 375 mai doki 75, wadda da yawa daga cikin sababbinta daga masana'antar Millat ta birnin Lahore a Pakistan suke zuwa.

Kafin a taɓa batun farashi, ya kamata mutum ya san don wa aka ƙera kowace. Kubota ta fito da jerin BX a 2000, kuma mutanen da ta yi domin su Amurkawa ne masu gida a ƙauye da fili 'yan kadada kaɗan. Aikinsu yanke ciyawar ƙofar gida ne, da ture ƙanƙara daga hanya lokacin hunturu, da kwashe tsakuwa da cokalin gaba, wato babban shebur na ƙarfe da ake ɗaura wa tarakta a gaba. Don haka idan ka karanta a intanet cewa mai kadada biyar doki 25 ya ishe shi, gaskiya aka faɗa, amma gaskiyar wani wuri ce. Ƙananan taraktocin Japan kuma, su Yanmar da Iseki da ake shigo da su na hannu, an yi su ne don 'yan filayen shinkafa masu laushi, inda injin markaɗe ƙasa mai juyawa, wato rotabeta, ke yin kusan dukkan aikin. Namu aikin daban yake: kaftu a ƙasar da ta sha ranar wata shida ko bakwai, haro, huɗa, da dakon taki da amfanin gona a kan hanyar da ba hanya ba. Kusan duka aikin ja ne, kuma a aikin ja nauyi ne ke mulki.

Abin da ke jan garma taya ce da ta kama ƙasa, nauyin tarakta kuma shi ke sa ta kamawa. A ƙasar gona, ƙarfin jan da tarakta ke iya bayarwa bai cika wuce rabin nauyinta ba, a yashi ma bai kai haka ba. Ɗauki John Deere 1025R da Kubota L2501. Ta farko doki kusan 24 gare ta, ta biyu kusan 25, ka ce tagwaye ne. Amma ta farko nauyinta wajen kilo 700 ne, ta biyu kuwa ta haura tan guda. Ka ɗaura musu garma iri ɗaya a ƙasa iri ɗaya, ɗaya za ta wuce tana juya ƙasa, ɗayar za ta tsaya tana haƙa wa kanta rami da tayoyinta, injin na ta ƙara lafiya lau. Ƙarfi ba shi ne ya gaza ba. Ba ta da jikin da za ta sauke shi ƙasa ne.

Ana iya ƙara nauyi, gaskiya ne. Ana ɗura ruwa a tayoyin baya har ya kai kashi uku cikin huɗu, ana rataya ƙarafa a gaba. Mu ma mun yi sa'a a nan, tunda ruwa ba ya daskarewa a ƙasarmu, ba sai an haɗa shi da wani magani ba kamar yadda ake yi a ƙasashen sanyi. Sai dai ƙaramar taya ruwa kaɗan take ɗauka, kuma gatarin ƙaramar tarakta yana da iyakar abin da aka yi shi ya ɗauka. Abin da ya fi taimakon ƙarama shi ne ta kasance mai ja da ƙafa huɗu. A ƙasa da doki 40, ni ban ga dalilin sayen mai ja da baya kaɗai ba, musamman ga mai fadama ko mai niyyar saka cokalin gaba, domin da zarar cokali ya cika, nauyi ya koma gaba, tayoyin baya sun yi sakayau.

Lambar dokin ma kanta tana da ciki. Wadda ake rubutawa a talla ƙarfin injin ne tsagwaronsa, kafin giya da famfon haidirolik su ci rabonsu. Abin da ke isa ga sandar nan mai juyawa ta baya, wadda makanikai ke kira PTO, bai kai haka ba. A 1025R, daga doki kusan 24 abin da ke fita ta baya 18 ne. Duk kayan aikin da ke juyawa, rotabeta ne, ko injin yanke ciyawa, ko famfo, ko injin sussuka, da wannan lambar ta baya ake auna shi, kuma yawancinsu an yi su ne don sandar da ke juyi 540 a minti. Ƙa'idar da ake bi wajen injin yanke ciyawa da ƙananan sabara ita ce doki biyar na baya ga kowane santimita 30 na faɗinsa. Ke nan mai faɗin mita ɗaya da rabi yana son doki 25 a baya, wato tarakta mai doki 30 ko sama a talla. Wanda zai yi noma a Jos ko Mambila ya ƙara lissafi ɗaya: injin da ba shi da tarbo, wato na'urar da ke cusa masa iska, yana rasa kimanin kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta tudu, saboda ƙarancin iska.

Inda aka fi yin kuka bayan an biya kuɗi shi ne wajen ɗaura kayan aiki. Hannuwan nan uku na bayan tarakta, biyu a ƙasa ɗaya a sama, ƙirƙirar Harry Ferguson ce, mutumin Arewacin Ailan, wanda ya yi mata rajista a 1926, ta kuma yaɗu a duniya bayan Ford ta saka ta a taraktar 9N a 1939. Yau kusan kowace tarakta mai ƙafa huɗu tana da su, amma girmansu aji-aji ne. Na aji na ɗaya, wanda ke kan ƙanana da matsakaita, kaurin fil ɗinsa na ƙasa milimita 22 ne. Na aji na biyu, wanda ke kan su 375, milimita 28 ne, kuma hannuwan sun fi buɗewa. To, ka shiga inda ake sayar da kayan tarakta a Kano ko Kaduna ka ga abin da ke ajiye: garma mai faifai uku, haro mai faifai 16 ko 18, rija babba ta yin huɗa. Kusan duka don tarakta mai doki 60 zuwa 75 aka yi su. Ko da mai walda ya canza maka fil, nauyin yana nan. Hannun 'yar mitsitsiya abin da yake ɗagawa bai wuce wajen kilo 300 ba, garma mai faifai uku kuwa ta fi haka. Idan ma ta ɗaga, gaban taraktar ne zai bar ƙasa, sitiyari ya zama ba shi da amfani. Massey Ferguson 240 tana ɗaga fiye da tan guda, tana kuma jan garma mai faifai biyu ba tare da wahala ba.

Saboda haka tsarin sayen ya kamata a juya shi. Ka fara samo kayan aikin da za ka yi amfani da su, ka tabbatar akwai su a kusa kuma akwai faifan canji idan sun cinye, sannan ka nemi taraktar da za ta ɗauke su. Masu ƙira a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano suna iya haɗa maka ƙaramar tirela ko ƙaramar rija mai kyau, amma garma mai faifai da rotabeta ba kayan da ake ƙerawa da ido ba ne.

Sai batun kunya, wanda babu littafin tallan da zai faɗa maka shi, domin masu rubuta shi ba sa noma a kan kunya. Tazarar da aka saba ba masara da dawa da waken suya a nan santimita 75 ce. Idan tsakanin tayar dama da ta hagu santimita 150 ne, tarakta za ta haye kunya biyu, tayoyinta suna tafiya a cikin kwari, ta yi huɗa, ta dawo ta yi maimai ba ta taka shuka ba. Su 135 da 240 da 375 duk ana iya juya wilinsu a daidaita su a kan haka. 'Yar mitsitsiya kuwa dukkan faɗinta wajen mita ɗaya da ɗan ɗori ne, ko ta ina ta bi sai taya ɗaya ta hau kunya. Ga cikinta kusa da ƙasa, bai fi taƙi guda ba, alhali kunya mai kyau ta kai haka ko ta fi. A ƙarƙashin nan kuma akwai tiyo da matatar mai, a wasu har da fanka ta roba mai sanyaya giya. Tushen karan dawa ɗaya ko ɗan kututture ya isa ya tsayar da aikin mako.

Amma fa a lambun bishiyoyi labarin juyawa yake. A can ƙarama ce sarauniya: tana shiga ƙarƙashin rassan mangwaro da lemo, tana juyawa a ɗan wuri, tana wucewa ta ƙofar ɗakin kaji ta kwaso kashinsu, ba ta danne ƙasa a gindin bishiya. Babbar tarakta a irin wannan wuri sai ta yi ta karya rassa da bututun hayaƙinta.

Faɗin gona yana shigowa ne ta ƙofar lokaci, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Ka ninka faɗin abin da kake ja, a mita, da gudun tarakta, kilomita a awa, ka raba da goma, sannan ka cire kashi ɗaya cikin huɗu don juyi da tsaye-tsaye. Garma mai faifai biyu tana yanka kimanin rabin mita. A gudun kilomita biyar, hekta guda za ta ci awa biyar da ɗan wani abu. Mai faifai uku za ta gama a awa uku da rabi. Haro mai faɗin mita ɗaya da rabi yana gama hekta a kusan awa biyu. Mai hekta biyar ke nan, da tarakta mai doki 45 ko 50, kaftunsa kwana uku ne zuwa huɗu, haro yini guda, huɗa yini guda. Cikin mako ya shirya gonarsa tsaf. Babbar za ta rage masa kwana ɗaya ko biyu ne kawai. Ga mai hekta hamsin wannan bambancin shi ne tsakanin shuka a kan kari da rasa ruwan farko, ga mai hekta biyar kuwa bai kai a biya masa miliyoyi ba.

Wannan lissafin yana tona wani abu da masu saye ba sa son ji. Dukkan shirin ƙasa na hekta biyar bai wuce awa 45 a shekara ba. Ka ƙara dakon taki da na amfani da yankan ciyawa, da ƙyar ka kai awa 150. Injin dizal na tarakta kuwa an yi shi ne ya yi dubban awoyi. Wanda ke ajiye ba hutawa yake ba: batir na mutuwa, tayoyi na tsagewa a rana, ɓeraye na cin waya, kuɗin da aka zuba kuma suna kwance. Shi ya sa nake ganin hanya biyu ce kawai mai ma'ana ga mai ƙaramin fili. Ko dai ya sayi ƙarama don aikin yau da gobe, ya riƙa ɗauko babba haya sau ɗaya a shekara don kaftu, ko kuma ya sayi mai doki 45 zuwa 50 da niyyar yi wa maƙwabta aiki a biya shi, ya san cewa ya shiga sana'a ke nan, da direba da rigimar bashi da komai. Hayar ma ta ɗan sauƙaƙa tun da kamfanoni irin su Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014, suka fara haɗa manoma da masu tarakta ta waya, ko da yake matsalar asali tana nan: kowa a mako biyun nan na farkon damina yake so.

A jigawa ma kaftun ba dole ba ne. Manoma da yawa haro kawai suke yi su huɗe, kuma a ƙasa mai yashi irin ta Daura da Gumel da Damagaram, juya ƙasa da zurfi kowace shekara buɗe wa iska ƙofa ne ta kwashe ta. Mai irin wannan gona zai iya sauka ƙasa a girman tarakta fiye da mai laka ko jangargari. Wanda filinsa bai kai hekta biyu ba kuwa, in dai ba lambu ba ne, shanun huɗa biyu da garmarsu ko tarakta mai ƙafa biyu sun fi masa alheri. Shanun ma suna ba da taki, kuma ana sayar da su da riba bayan sun yi ƙiba.

Mai yana da nasa ruɗin. A awa, ƙarama mai doki 25 tana shan lita uku zuwa huɗu idan tana aiki sosai, babba mai doki 75 kuma ninki biyu ko fiye. Amma a kaftu, idan aka auna da hekta, bambancin ba shi da yawa, tunda babbar ta fi saurin gamawa. Asarar babba tana fitowa ne a ƙananan ayyuka, lokacin da aka tayar da doki 75 don a kai buhu goma bakin titi. Game da tirela kuwa, abin dubawa birki ne, ba ja ba. Tirelar da ba ta da birkin kanta bai kamata ita da kayanta su wuce nauyin tarakta sau ɗaya da rabi ba. Tarakta mai kilo 700 ke nan iyakarta wajen tan guda, har da nauyin tirelar. Ka loda mata buhu ashirin na masara za ta ja a miƙaƙƙiyar hanya, amma a gangara tirelar ce za ta riƙa tuƙa ta.

Akwai tarko guda ga mai son 'yar Kwatano daga Amurka ko Turai. Dokar hayaƙi ta Amurka, wadda ta tsananta a kan injinan da suka kai doki 25 daga 2013, ta sa yawancin taraktocin da ke sama da wannan layi suna zuwa da matatar hayaƙi da kwamfuta mai lura da ita. Dalili ke nan da za ka ga samfura da yawa an tsayar da su a doki 24 da ɗigo wani abu, don su tsere wa dokar. Ita matatar tana buƙatar man gas mai tsabta ƙwarai, irin na can wanda sinadarin farar wuta a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Ka ɗura mata na jarka a bakin hanya, ba a daɗe ba za ta toshe, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi, makanikin ƙauye kuma ya tsaya yana kallonta. Shi abin da ya sani injin Perkins mai silinda uku ne, wanda ke cikin 135 da 240, yana iya kwance shi ya mayar a gindin bishiya. Ƙasar nan ta taɓa haɗa taraktocin Steyr a Bauchi da na Fiat a Kano, ta kuma shigo da iri-iri daga ƙasashe da dama a shirye-shiryen gwamnati, amma waɗanda suka daɗe suna aiki su ne waɗanda ake samun kayan gyaransu a kasuwa. Tarakta da ta fi gonarka girma kaɗan amma ana samun famfonta a gari, ta fi wadda ta yi daidai cif amma sai an yi odar fil daga Osaka ta Japan. Idan sabon samfuri ne da ba a saba gani ba, a tambayi dillali ko cibiyar NCAM ta Ilori, wadda ke gwada injinan noma, ta gwada shi.

Ƙanƙanta ba ta rage haɗari. Ƙaramar tarakta siririya ce, ta fi saurin kifewa a gefen rami ko idan an ɗaga cokali sama cike da ƙasa ana tafiya. Mafi muni shi ne a ɗaura sarƙa a saman gatarin baya don a tumɓuke kututture: gaba na tashi ta kife da baya cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba, kafin ƙafa ta kai ga kuloci. Da yawa daga cikin na hannun Japan ba su da ƙarfen kariyar nan mai lanƙwasa da ke bayan kujera. Wadda ba ta da shi, a saka mata na ainihi tare da bel, kuma a hana yara zama a kan murfin taya.

Idan aka tara duk wannan, ga inda na tsaya. Mai lambu da kiwo, wanda aikinsa yankan ciyawa ne da dako da rotabeta a ƙasar da ake ba ruwa, ya nemi doki 25 zuwa 35 mai ja da ƙafa huɗu, kuma mai jiki, wadda ta haura tan guda. Mai noman damina a kan kunya, hekta uku zuwa goma, ya tsaya a doki 45 zuwa 50. Mai doki 75 sai ga wanda zai yi haya da gaske. 'Yar mitsitsiyar nan mai kyan gani kuwa, sai dai ga mai gidan hutu da ciyawar ado.

Kuma kada a biya kuɗi sai an gwada irinta a ƙasar gonar, da garmar da za a riƙa amfani da ita, ko da za a biya hayar yini. Gwajin bai buƙatar komai sai alli da igiyar awo. A yi wa tayar baya alama, a bar taraktar ta yi tafiya da garma a ɗage har tayar ta juya sau goma, a auna nisan. A sake yin haka a giya ɗaya da garma a cikin ƙasa, a zurfin da ake so. Idan nisa na biyu ya gaza na farko da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, tarakta da garma sun dace da juna. Idan ragin ya wuce kashi 20, tayar na sulɓewa, taraktar ta yi wa aikin sauƙin nauyi, sai a ƙara mata ruwa da ƙarfe a sake gwadawa, in bai gyaru ba a hau aji na gaba. Idan kuwa ragin bai kai kashi biyar ba, tana da sauran ƙarfi da nauyin da ba a amfani da su, ana iya ƙara faɗin garma ko a sauko a sayi wadda ba ta kai ta ba.